Sai-Na-Gwada da Rile Mai Ƙafa Biyar

Mahaifina bai taɓa yarda da wani abu mai waya a jikinsa ba sai ya gwada. Ko ƙwan fitila ka ɓare daga kwali a gabansa, sabo ful, sai ya karɓa ya jujjuya shi, ya ɗora a kan batir ya ga haske da idonsa, sannan ya miƙo maka kayanka. Shi ya sa a wurin aikinsu sunansa na yanka ya ɓace, daga maigadi har shugaba kowa Sai-Na-Gwada yake ce masa. Umma kan ce da ana jona wa mace waya, to da ita ma sai ya ga ta kawo wuta kafin ya aure ta. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce, "Ai na gwada ki, ke ce dai ba ki sani ba."

Wannan mutumin ne aka rubuta wa takarda aka ce ya yi sakaci. Ni ce 'yarsa ta fari, sana'ata buga wa mutane takardu a wani ɗan shago kusa da kotu, don haka na san nauyin kalma idan ta hau farar takarda aka buga mata hatimi. Shekara biyu ke nan da abin, amma har yau in na tuna sai in ji zuciyata tana tafasa.

Da gyaran rediyo Baba ya fara, tun yana saurayi, a wata rumfa bakin titi. Da rediyo ta daina ci sai ya koma wayarin mota, ya yi shekara shida a ƙarƙashin wani ubangida mai zafin hannu, wanda Baba bai taɓa ambatonsa ba sai ya yi masa addu'a. Daga nan ya samu aiki a wata ƙungiya mai jigilar marasa lafiya da masu keken guragu daga gidajensu zuwa asibiti. Motocinsu bakwai ne, dogaye farare. A nan ya yi shekara talatin da ɗaya.

Ɗakin aikinsa yana can ƙuryar gareji, taga ɗaya gare shi. Akwai teburin katako da dalma ta yi wa tabo ko'ina, da gwangwanayen madara jere a kan kanta, kowanne da irin kan wayar da ke ciki. A aljihun rigarsa kullum akwai ƙwan gwaji, wato ɗan ƙaramin ƙwan fitila da ya lanƙaya wa waya biyu. Duk wayar da ya ja a cikin mota sai ya naɗa mata farin tef ya rubuta inda ta fito da inda za ta. Direbobi suna yi masa tsiya, wai Sai-Na-Gwada yana raɗa wa wayoyi suna kamar 'ya'yansa. Ya ce musu yana yi ne saboda wanda zai gaje shi kada ya tsine masa.

Ba zan ce zama da shi a gida yana da sauƙi ba. Ranar da aka ba ni kyauta a makarantar firamare, sai da aka watse ya iso, hannunsa baƙi ƙirin. Wai fiyus ne ya ƙone a wata mota, kuma ya ƙi sa wani sai ya gano abin da ya ƙona shi. Na yi kuka har na gaji. Ya tsuguna a gabana ya ce, "Yi haƙuri, uwata. Fiyus ba ya ƙonewa don nishaɗi. In ya mutu, wani abu ya tare wa mutane." A lokacin ban ga abin da ya haɗa ni da wani fiyus ba, na yi kwana biyu ba na gaishe shi da kyau.

A da, in motar ƙungiya ta je ɗaukar mai keke, direba da 'yan gida ne suke cicciɓar mutum kamar buhu su tura shi ciki, sannan a naɗe keken a jefa baya. Wata rana wani dattijo ya suɓuce musu ya bugu da ƙugu. Baba ya dawo gida ranar ko abinci bai iya ci ba. Shi ya yi ta naci har aka yarda aka ƙera wa kowace mota farantin ƙarfe a ƙofar baya, wanda ke sauka ya zama gada a tura keke ya hau, sannan ya tashi ya rufe. Abin da ke sauke gadar ya ɗaga ta wani jak ne na lantarki, sanda ce mai miƙewa da komawa, da waya biyu a gindinta.

Mun sha bayanin jak ɗin nan a gidanmu har mun haddace. Baba zai jawo kofi biyu a gaban Umma ya ce, in ka ba wayar farko wutar batir ka haɗa ta biyu da bodin mota, sandar za ta miƙe. In ka juya su, ta koma. To amma ɗan maɓallin da direba ke dannawa ba zai iya ɗaukar wutar ba, narkewa zai yi. Sai a sa rile guda biyu, wasu 'yan baƙaƙen akwatuna kamar kwalin ashana, kowanne da ƙafa biyar. Ƙafa biyu na jin umarnin maɓalli ne. Ɗaya tana riƙe da wayar jak. Ɗaya tana zuwa batir. Ta tsakiya kuwa tana zuwa bodi.

"In ba a taɓa komai ba," in ji shi, yana dafa kofunan, "kowane rile yana kwantar da wayarsa a kan ƙafar tsakiya, babu wuta, jak yana barci. In ka danna sama, wannan ya saki tsakiya ya kama batir, wancan yana nan a bodi. Wuta ta shiga ta nan ta fita ta can. In ka danna ƙasa, su yi musanya. Ko wani mai ƙiriniya ya danna duka biyun, babu abin da zai faru. Dabarar duka tana wurin saki. Dole ya saki tsakiya kafin ya kama batir."

Umma ta ce, "To Allah ya ba su zaman lafiya. Ba ni kofunana, shayi na hucewa."

Shekara tara gadojin nan suna sauka suna tashi, ko yatsan wani ba su taɓa matsewa ba. Sai aka kawo sabon manaja.

Ban ƙi mutum don yana sa turare ba, amma wannan tun daga bakin ƙofar gareji ake jin isowarsa. Bai taɓa buɗe bonet da hannunsa ba, sai dai ya tsaya nesa yana nuni da makullin motarsa. A shekaru Baba ya isa ya haife shi, amma "tsoho" yake ce masa, ba tsohon girmamawa ba, irin wanda ake faɗa ana duba agogo. Abin da ya fi tsana shi ne jira. Dokar Baba ita ce duk kayan lantarkin da aka sayo sai sun bi ta teburinsa kafin su shiga sito. Manaja ya ce wannan ɓata lokaci ne. "Sabon kaya a cikin leda, tsoho, gwajin me kuma? Kai ka fi waɗanda suka ƙera shi sani ne?"

Ana cikin haka aka sa ranar da za a yi wa Umma aikin ido. Baba ya ɗauki hutun kwana biyar, wanda rabonsa da hutu har ya manta. A satin ne Manaja ya samu sarari. Ya sayo rile kwali guda daga wani sabon ɗan kasuwa, ya sa aka jefa guda ɗaya a lokar gaban kowace mota, ya tara direbobi ya ce daga yau duk wanda gadarsa ta ƙi, ya cire tsohon ya cusa sabo, kada wanda ya sake zaman jiran tsoho. Baƙi ne, ƙafa biyar ne, yana shiga ramin daidai. A ganinsa magana ta ƙare.

Ranar Laraba da hantsi wani direba da ake kira Ba-Gudu, saboda ko hanya babu kowa ba ya wuce tafiyar keke, ya je ɗaukar wata mata da ƙafafunta suka shanye. Ya sauke gada, aka tura ta ciki, aka ɗaure keken da bel. Ya danna sama, gada ta ƙi tashi. Ɗaya daga cikin tsofaffin rilen ne ya gaji, abin da Baba zai gyara kafin shayi ya huce. Ba-Gudu ya kira Manaja a waya. Manaja ya ce ya sa na loka. Ya sa, ya danna, fiyus ya yi ɗas. Ya sa wani fiyus, shi ma ya bi ɗan'uwansa. Ya sake kira. Manaja ya ce fiyus ɗin ne ƙarami, ya samu 'yar waya ya naɗa a wurin, matar tana da layin likita.

Ba-Gudu ya naɗa waya, ya danna, ya riƙe. Wayoyin da ke ƙarƙashin daɓen motar suka yi ja, robarsu ta narke, shimfiɗar ƙasa ta kama. Matar ba ta jin komai daga gwiwa zuwa ƙasa, don haka ba ta san ƙafarta na ƙuna ba sai da ta ga hayaƙi. Ba-Gudu ya yanke bel ɗin ya sungumo ta ya fito da ita, maƙwabta suka kashe wutar da ƙasa da ruwan bokiti. Bayan motar ya ƙone, ƙafarta ta hagu ta sale daga idon sawu zuwa ƙauri.

Muna asibitin ido, Umma na kwance da bandeji a fuska, aka kawo wa Baba takardar. Ko jira ya koma aiki ba su yi ba. Ni na karanta masa, don ya bar tabaransa a gida. An ce bincike ya nuna wayarin da ya yi ne ya jawo gobara, an sallame shi saboda sakaci, kuma kada ya sake taka harabar ƙungiya. Wane bincike? Wa ya yi shi, yaushe? Mutumin da ya san kowace waya a motar da sunanta ko tambayarsa ba a yi ba.

Baba ya karɓi takardar ya ninke ta huɗu. Abin da ya fara tambaya shi ne, "Matar tana da rai?" Ɗan aiken ya ce tana da rai. Ya ce, "To fiyus fa? Ai akwai fiyus." Ya yi ta maimaita wannan har muka iso gida.

Kafin sati ya zagayo labari ya gama unguwa. Maƙwabcinmu da ya saba kawo motarsa ƙofar gida ranar hutu Baba ya duba masa kyauta, sai ga shi ya wuce da ita wani gareji, yana ɗaga mana hannu daga nesa. Baba ya daina fita sai masallaci. Mutumin da bai iya zama ba ya koma zaman tabarma, yana zana layuka a bayan kalanda yana gogewa, yana neman inda ya yi kuskure. Wallahi wannan ya fi komai ƙona min rai, ganin ya fara yarda cewa wataƙila shi ne.

Rana ta tara Ba-Gudu ya zo, bayan la'asar. Ya tsuguna a bakin ƙofa ya ƙi hawa tabarma, hannunsa na dama naɗe da bandeji. Ya faɗi komai yana kuka, da rilen loka da wayar da ya naɗa. Sannan ya zaro wani rile daga aljihu, wanda ya roƙa a wurin abokin aikinsa, ya ajiye a gaban Baba.

Baba ya sa tabarau ya dubi ɗan zanen da ke jikin rilen. Ya aike ni na ɗauko batirin da ke bayan ƙofa. Ya jona, rile ya yi ƙas, ya taɓa ƙafafun da ƙwan gwajinsa ɗaya bayan ɗaya. Sai ya ajiye komai.

Na ce, "Baba, mene ne?"

Ya ce, "Wannan na fitilun gaba ne. An yi shi ne ya kunna fitila biyu lokaci guda. Ƙafarsa ta tsakiya ba ta hutu ba ce, tagwayen ta batir ce. In ya tashi ba ya sakin komai, haɗe su yake yi gaba ɗaya. A wurin gada kuwa tsakiya bodi ce. Kin ga ya ɗauki wutar batir ɗungurungum ya zuba a bodi." Ya juya wurin Ba-Gudu. "Fiyus ya gaya maka har sau biyu, ɗana."

"Na sani, Baba. Oga ne ya ce."

"Guda nawa aka raba?"

"Kowace mota da nata. Sauran suna sito." Ba-Gudu ya share hanci. "Kuma Baba, ba ni kaɗai na taɓa naɗa waya ba. Tun da Oga ya ce a daina damunsa da maganar fiyus, in ya ƙone a hanya haka yara suke yi."

Ban taɓa ganin fuskar Baba ta yi irin wannan ba. Ni murna nake yi, ga hujja ta zo har gida, za a wanke shi. Shi kuwa lissafin motoci shida yake yi, kowace da wannan abu a lokarta, ga tsofaffin rile duk sa'o'in juna, yau ko gobe wani zai sake gajiya.

Ya kira direbobin ɗaya bayan ɗaya. Biyu suka saurare shi suka ce za su jefar. Sauran suka ce Manaja ya yi gargaɗi, duk wanda aka ji yana magana da korarre zai bi shi. Ɗaya ma ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, amma an ce mana kai ne kake neman wanda za ka shafa wa." Ya kashe wayar.

Ni na buga takardar ƙorafi, shafi uku, ban taɓa buga abin da na zaɓi kalmominsa kamar wannan ba. Aka sa mana rana a gaban kwamitin ƙungiya. Mutum biyar ne a dogon tebur, shugabarsu wata dattijuwa mai farin gilashi, Manaja yana gefe yana latsa waya. Baba ya shigo da batir a kafaɗa, ya ajiye a kan teburinsu mai sheƙi, wani ya yi sauri ya janye takardunsa.

Bai yi dogon bayani ba. Ya haɗa wayoyin kamar yadda suke a mota, da fiyus a tsakani da ƙwan gwaji a madadin jak. Ya sa rilen da ya saba sawa, ya taɓa, ƙwan ya kawo haske. Ya cire ya sa na Manaja, ya ce wa shugabar, "Ranki ya daɗe, taɓa nan da hannunki." Ta taɓa. Fiyus ya fashe da tartsatsi har ta zabura. Ya ce, "Da waya ce a wurin fiyus ɗin nan, da yanzu teburin nan na ci."

Kowa ya gane, na ga hakan a fuskokinsu. Sai Manaja ya ajiye waya ya ce, wannan wasan yara ne, wa ya ce irin wannan rilen ne a motar da ta ƙone? Shi bai ba kowa umarnin taɓa waya ba. Aka kira Ba-Gudu. Ya shigo ya tsaya yana kallon takalminsa. Yana da 'ya'ya biyar da uwa makauniya, na sani, kuma Manaja ya riga ya gaya masa cewa in maganar waya ta fito, hannun da ya naɗa ta shi zai tafi gidan yari. Aka tambaye shi. Ya ce, "Ni dai na danna, sai na ga hayaƙi."

Na miƙe zan yi magana, Baba ya riƙe min gyale.

Aka sallami kowa, shugabar ta ce mu biyu mu tsaya. Ta cire gilashinta ta murza ido. Ta ce ita ba yarinya ba ce, ta ga abin da ta gani. Amma ƙungiya da taimakon mutane take tafiya, in aka ji cewa ofis ne ya sayo kayan da ya ƙona mara lafiya, masu taimako za su janye, motocin su tsaya, ɗaruruwan mutane su rasa mai kai su asibiti. Kuskuren ma'aikaci ɗaya kuwa abu ne da kowa zai fahimta.

Baba ya ce, "To a bar maganata. A karɓe rilen nan daga motoci, a duba fiyus."

Ta ce in ta ba da wannan umarni a rubuce, ta amsa laifin ke nan. In ta faɗa da baki, ta hannun Manaja zai bi, kuma ta san inda zai tsaya. Korarre kuwa doka ba ta yarda ya taɓa motar ƙungiya ba. Sai ta jawo wata takarda daga fayil, wadda ashe tun kafin mu zo an riga an buga ta. In Baba ya sa hannu cewa kuskuren wayarinsa ne, kuma ba zai sake ta da maganar a ko'ina ba, za a mai da korar ta zama ritaya, a kuma ba shi yini guda ya shiga gareji ya gyara kuskurensa a sauran motocin.

Na ce, "Kuskurensa? Hajiya, kin ji abin da kike faɗa kuwa? Da hannunki kika taɓa! Shekara talatin da ɗaya, ku rasa abin da za ku sallame shi da shi sai ƙarya? Baba, tashi mu tafi. Kotu tana nan, ni na san lauyoyi, kullum a shagona suke."

Baba ya ce, "Kotu wata nawa za ta ɗauka?"

"Ko shekara ce, Baba, sunanka ne."

"Gobe da safe motoci shida za su fita." Ya miƙo min hannu. "Ba ni bironki."

Na ƙi. Ya ci gaba da miƙo hannun, bai ɗaga murya ba, har na ji kunyar idon matar na ba shi. Ko gwada biron a gefen takarda bai yi ba, ya sa hannu.

Ranar Asabar aka buɗe masa gareji. Na bi shi, don na rantse ba zai shiga wurin nan shi kaɗai ba. Tun bakwai na safe yake rarrafe a ƙarƙashin motoci, mutum mai shekara sittin da biyu, Manaja yana zaune a inuwa an kawo masa lemo. A motoci huɗu cikin shida ya samu waya a wurin fiyus. Ya cire, ya bi layi ya gano abin da ya ƙona kowanne, ya gyara. Ya canza tsofaffin rilen gada duka, ya kwashe na loka, ya sa aka fito da kwalin sito, ya bi su da filaya yana karya wa kowanne ƙafar tsakiya. Manaja ya taso yana cewa kayan ƙungiya ne. Baba ya ce, "Fitila ɗaya za su iya kunnawa har yanzu, ba su lalace ba." Bai ko ɗago ya dube shi ba. Direbobin suna tsaye nesa, babu wanda ya iya matsowa ya ce masa sannu. Da la'asar ya wanke hannu, ya miƙa wa maigadi makullin ɗakinsa, muka fito.

Bayan wata uku aka ɗauke Manaja aka kai shi babban ofis, an ce ƙarin girma ne. A shagona na ji, wani ma'aikacinsu ya zo buga takarda yana ba da labari. Sai da na fita waje na sha iska kafin na iya ci gaba da aikin.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai ya faru tun kafin nan, kwana goma bayan sa hannun. Da hantsi aka yi sallama, na leƙa na ga wani mutum siriri mai furfura a gemu, da takarda a hannu. Mijin matar da ta ƙone ne. Ya je ƙungiya neman bayani, suka ba shi kwafin abin da Baba ya sa wa hannu, har da kwatancen gidanmu.

Baba ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, na kawo ruwa na koma bayan labule. Mutumin bai zauna ba.

Ya ce, "Kai ne mai wayarin?"

"Ni ne."

"Wannan hannunka ne?"

Baba ya dubi takardar ya ce, "Hannuna ne."

"Na zo ne in ga fuskarka kawai. Shekara goma sha ɗaya ina jinyar matar nan, ko ƙurji ban bari ya fito mata ba. Ni nake juya ta, ni nake mata wanka. Yanzu likita ya ce ciwon ba ya warkewa da wuri a irin ƙafarta, wataƙila sai an yanke. Kai kuwa an ba ka ritaya, kana zaune a inuwa."

Na yaye labulen na ce, "Malam, wallahi ba shi ba ne, bari in gaya maka..."

Baba ya ce, "Koma ciki." Tun ina yarinya bai taɓa yi min magana da wannan muryar ba. Na tsaya a inda nake. Ya juya wurin mutumin ya ce, "Ka yi haƙuri. Allah ya ba ta lafiya. Yaushe za ta koma wankin ciwon?"

"Gobe. Motarsu ce za ta zo, ba ni da halin ɗaukar wata. Tun jiya take kuka, ta ce ba za ta sake shiga ba. Ni ma tsoro nake ji."

Baba ya matso kusa da shi ya ce, "Ka sa ta a ciki. Ka gaya mata babu abin da zai same ta. Duk na bi su ɗaya bayan ɗaya, lafiyarsu ƙalau."

Mutumin ya dube shi daga sama har ƙasa. Ya ce, "Kai ka bi su?" Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "To ai ka ƙara min tsoro. Maganarka kuma wa zai yarda da ita?"

Ya ninke takardarsa ya fita, bai taɓa ruwan ba. Baba ya bi shi har bakin titi yana cewa, "Malam, don Allah kada ta fasa zuwa wankin nan." Mutumin bai waiwayo ba.

Da ya dawo na kasa riƙe kaina. Na ce, "Baba, ko shi kaɗai ba za ka gaya wa ba? Mutumin nan zai mutu yana tsine maka."

Ya zauna a kan tabarmar da ya shimfiɗa wa baƙon, ya daɗe yana kallon ƙofa. Ya ce, "Na sa hannu, uwata." Can kuma ya ce, "Ki bincika min gobe, ki ji ko ta je."

Na bincika. Ba ta je ba.